Yadda Za Ka Horar da Hankalinka ta Hanyar Lura da Abin da Ke Gabanka

Kafin ka yi nisa cikin wannan karatu, ka ɗauki takarda da fensir ka zana makullin da kake buɗe ƙofarka da shi kullum, ba tare da ka ciro shi daga aljihu ba. Ka nuna yawan haƙoransa, da wanda ya fi tsawo a cikinsu, da siffar kansa, da duk wani rubutu da aka buga a jikinsa. Idan ka gama, sai ka ciro makullin ka ajiye shi kusa da zanen. Ranar da na fara yin wannan gwaji, haƙora huɗu na zana alhali kuwa biyar ne, kuma ban taɓa sanin akwai wasu ƙananan lambobi a bayansa ba, duk da cewa na shafe shekaru ina riƙe shi safe da yamma. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin idan makullin da ke hannuna kullum ya ɓoye mini haka, to ina ga fuskokin mutanen da nake zaune da su, da hanyoyin da nake bi, da maganganun da ake faɗa mini?

Wannan hali kusan na kowa ne. A shekarar 1979 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Raymond Nickerson da Marilyn Adams, sun nemi mutane su zana ƙaramin tsabar kuɗin ƙasarsu da ka, kuma mafi yawansu sun kasa sanya abubuwan da ke jikinsa a inda suke. Dalilin kuwa shi ne ƙwaƙwalwa tana da tsimi. Da zarar ta gane abu ta ba shi suna, sai ta daina dubansa, tun da sunan ya ishe ta amfani da shi. Tsimin yana da amfani, domin ba don shi ba da gajiya ta kayar da mutum kafin rana ta yi tsaka. Illarsa ita ce hankalin da aka sallama daga aikin kallo ba ya zama wuri ɗaya, sai ya kama yawo tsakanin abin da ya wuce da abin da bai zo ba. A shekarar 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard sun wallafa sakamakon wani bincike da suka yi da manhajar wayar hannu, wadda ke tambayar mutane a lokuta daban-daban abin da suke yi, da yadda suke ji, da ko tunaninsu yana kan abin da suke yin. Daga amsoshin mutum 2,250 suka gano cewa a kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan da aka yi tambayar, hankalin mutane yana wani wuri dabam, kuma a irin waɗannan lokuta farin cikinsu ya fi raguwa.

Akwai abu guda da ya kamata ka riƙe kafin ka fara kowane atisaye, domin shi ne ke raba masu ɗorewa da masu watsarwa a mako na farko. Hankalinka zai tafi, kuma zai tafi sau da yawa. Horon yana faruwa ne a daidai lokacin da ka farga cewa ya tafi, ka komo da shi kan abin da kake kallo ba tare da faɗa ko zargin kai ba. Tun a shekarar 1890 masanin halayyar ɗan Adam William James ya rubuta cewa ikon komo da hankali mai yawo, sau bayan sau, shi ne tushen iya yanke hukunci da kyawun hali da ƙarfin niyya. Saboda haka wanda hankalinsa ya tafi sau ashirin cikin minti biyar, ya kuma komo da shi sau ashirin, ya yi aikin da ake bukata cikakke.

Atisayen da na fi ba muhimmanci shi ne kallon abu guda. Ka zaɓi ƙaramin abu wanda ba shi da rubutu mai yawa, kamar ganye, ko dutse, ko gashin tsuntsu, ko tafin hannunka. Ka zauna inda haske yake da kyau, ka ajiye wayarka a wani ɗaki ko aƙalla ka kife ta nesa da hannunka, sannan ka ba kanka minti biyar. Ƙa'idar ita ce ka bayyana wa kanka abin da idonka ke gani kamar kana yi wa wanda bai taɓa ganin irinsa ba bayani, kuma an hana ka faɗin sunansa. Idan ganye ne, kalmar "kore" ba ta isa ba. Ka duba ko koren da ke kusa da jijiyar tsakiya daidai yake da na gefe, ko ƙananan jijiyoyin suna fita ne biyu-biyu suna fuskantar juna ko kuwa ɗaya bayan ɗaya, ko bakin ganyen a miƙe yake ko yana da ƙananan haƙora. Ka juya bayansa, za ka ga sau da yawa ya fi gaban haske kuma jijiyoyin sun fi tasowa. Ka ɗaga shi ta wajen haske ka dubi ragar da ke tsakanin jijiyoyin, ka nemi inda ƙwaro ya ci, ka ga yadda bakin ramin ya bushe ya yi ruwan ƙasa.

Bayan kamar minti biyu wata murya za ta ce maka ka gama, babu sauran abin gani. Kada ka yarda da ita, domin a nan ne atisayen yake farawa. Ka ce wa kanka sai ka samo abubuwa uku da ba ka lura da su ba tukuna, kuma za ka same su. Akwai sanannen labari a kan wannan daga ƙarni na 19. Louis Agassiz, masanin halittu ɗan asalin Suwizalan da ya koyar a Harvard, yakan miƙa wa sabon ɗalibi kifi guda da aka adana cikin kwalba, ya ce ya dube shi, sannan ya fita abinsa. Ɗaya daga cikin ɗaliban, Samuel Scudder, ya ba da labarin cewa cikin minti goma ya ɗauka ya ga duk abin da ke jikin kifin. Da sa'o'i suka wuce malamin bai dawo ba, sai ya shiga ƙirga layukan ɓawon kifin, daga baya ya ɗauki fensir ya fara zana shi, nan take sababbin abubuwa suka riƙa bayyana masa. Da Agassiz ya dawo sai ya yaba masa, ya ce fensir yana cikin mafi kyawun idanu, amma ya ƙara da cewa har yanzu bai ga abin da ya fi fitowa fili ba. Kwana uku Scudder ya yi a kan kifin nan guda. A zamaninmu ma wata malamar tarihin zane-zane a Jami'ar Harvard, Jennifer Roberts, takan sa ɗalibanta su zauna gaban zane ɗaya na tsawon sa'a uku kafin su rubuta komai a kansa.

Ba na ce ka yi sa'a uku ba, amma shawarar fensir ɗin nan ka ɗauke ta da gaske. Bayan kwana biyu ko uku kana kallo kawai, ka fara zana abin da kake kallo, ko da ba ka iya zane ba, tun da ba wanda za a nuna wa. Amfanin zanen shi ne yana tilasta maka amsa tambayoyin da ido kaɗai yakan tsallake, domin ba za ka iya ja layi ba sai ka san inda ya faro da inda ya lanƙwasa. Ka bar idonka ya fi daɗewa a kan abin fiye da kan takardar.

A nan akwai kuskuren da masu farawa suke yawan yi, wato ɗaukar lura a matsayin ƙura wa abu ido ba ƙiftawa. Yadda aka gina ido bai yarda da haka ba. Wurin da ido ke gani tar-tar ɗan ƙarami ne, bai fi faɗin farcen babban yatsanka ba idan ka miƙe hannu gaba ɗaya, shi ya sa ido yake tsalle daga wuri zuwa wuri kamar sau uku a cikin daƙiƙa guda, ƙwaƙwalwa kuma tana harhaɗa guntayen su zama hoto ɗaya. Tun a shekarar 1804 wani likita mai suna Ignaz Troxler ya bayyana cewa idan mutum ya kafe idonsa a kan ɗigo guda, abubuwan da ke gefe sukan dusashe har su ɓace. Don haka ka bar idonka ya yi tafiya a hankali a kan abin, ya bi gefensa, ya shiga lungunansa, ya dawo. Idan ka ji goshinka ya ɗaure ko idonka ya fara zafi, to ka matsa da yawa, sai ka sassauta kafaɗa ka ƙifta ido ka ci gaba.

Kunne ma yana da nasa horon, kuma ga wanda aikinsa ya riga ya gajiyar masa da ido, gara ya fara da shi. Ka zauna ka rufe ido na minti uku, ka kasa kunne ga ƙarar da ta fi nisa da kake iya ji. Daga nan ka riƙa matsowa sannu-sannu zuwa ƙarar da ke bayan bango, da wadda ke cikin ɗakin, har ka iso kan sautin numfashinka. A zagaye na biyu ka zaɓi sauti guda ka bi shi, ka lura da inda ya faro, da yadda ya ƙaru, da daidai lokacin da ya yanke, da shirun da ya biyo baya. Kamar yadda aka hana ka sunan ganye, a nan ma ka yi ƙoƙarin jin sautin kafin sunansa, ko mai kauri ne ko siriri, ko a jere yake ko yana yankewa. Za ka yi mamakin yawan sautukan da suka daɗe a wurin ba ka ji su ba, irin su gurnanin na'urar sanyaya kaya ko ƙarar agogon bango. Gwajin da Colin Cherry ya yi a shekarar 1953 ya nuna ƙarfin wannan tacewa. Ya sa wa mutane magana daban a kowane kunne, ya ce su riƙa maimaita ta kunne ɗaya, sai ga shi ba su iya faɗin abin da aka ce a ɗaya kunnen ba, har aka sauya harshen maganar daga Turanci zuwa Jamusanci ba su farga ba. Duk wanda aka taɓa yi wa magana yana duba waya ya san wannan hali daga ciki.

Akwai wani atisaye da nake ƙauna saboda yana koyar da haƙuri ba tare da wahala ba, shi ne kallon inuwa. Ka nemi inda rana ta jefa inuwar wani abu mai kaifin baki, kamar gefen taga ko sanda, ka ajiye ɗan tsakuwa daidai bakin inuwar, ka zauna kana kallo. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a, wato digiri ɗaya cikin minti huɗu, saboda haka inuwar ba a tsaye take ba ko da ta yi kama da haka. Da hantsi ko da yamma, lokacin da inuwa take da tsawo, cikin 'yan mintuna za ka ga wani siririn haske ya buɗe tsakanin tsakuwar da inuwar, ko kuma inuwar ta haɗiye ta. Ba za ka kama motsin da idonka ba, sai dai ka ga ya riga ya faru, kuma ƙoƙarin kama shi yana riƙe hankali fiye da yadda mutum zai zata.

Daga waje sai a juyo ciki. Numfashi shi ne abin lura da ba ya rabuwa da mutum, shi ya sa shirye-shiryen horar da natsuwa suke yawan farawa da shi, ciki har da shirin mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya kafa a shekarar 1979 a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts domin masu fama da damuwa da ciwo mai daɗewa. Ka zauna da bayanka a miƙe, ka nemi wurin da kake jin numfashin sosai, ko a bakin hanci inda iska ke shiga da ɗan sanyi ta fito da ɗumi, ko a ciki inda yake tasowa yana sauka. Kada ka gyara numfashin, ka bar shi yadda ya zo. Ka ƙirga kowace fitar iska daga ɗaya zuwa goma, sannan ka koma ɗaya. Idan ka tsinci kanka a sha huɗu, ko ka rasa inda kake, ka koma ɗaya kawai. Ƙirgar tana da amfani domin ita ce ke tona asirin hankalin da ya sulale ba ka sani ba. Haka kuma idan kana tafiya, kana iya ware taku talatin ka lura da yadda dunduniya ke fara taɓa ƙasa, nauyi ya gangara zuwa yatsu, ƙafar baya ta ɗaga.

Dole in yi gargaɗi a nan, domin ba kowa ne lura da numfashi yake yi wa daɗi ba. Wasu mutane, musamman masu fama da fargaba ko waɗanda suka taɓa shiga mummunan tashin hankali, sukan ji ƙirjinsu ya ƙara ɗaurewa idan suka mai da hankali ciki. Idan haka ta same ka, ka buɗe ido ka mai da hankalinka waje. Ka ambaci abubuwa biyar da kake gani, da huɗu da jikinka ke taɓawa, kamar kujera a bayanka ko tufafi a kafaɗarka, da sautuka uku da kake ji, da ƙamshi ko wari biyu, da ɗanɗano ɗaya da ke bakinka. Masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa suna yawan koyar da wannan dabara, kuma tana aiki a ko'ina, har a cikin taro, ba tare da kowa ya sani ba.

Duk abin da na ambata zuwa yanzu yana ƙuntata hankali ne a kan abu guda, kuma wannan rabin aikin ne. A shekarar 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun nuna wa mutane wani gajeren bidiyo na 'yan wasa masu fararen riguna da masu baƙaƙe suna jefa wa juna ƙwallon kwando, suka ce a ƙirga sau nawa masu fararen suka miƙa ƙwallo. Ana cikin wasan sai wani mutum sanye da kayan goggon biri ya ratsa ta tsakiyarsu, amma kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. A shekarar 2013 Trafton Drew da abokan aikinsa a Boston sun saka ƙaramin hoton goggon biri cikin hoton huhu, suka ba likitoci 24 masu karanta irin waɗannan hotuna su nemi alamun cuta. Ashirin daga cikinsu ba su lura da shi ba, kuma na'urar bin motsin ido ta nuna cewa yawancinsu sun kalli daidai wurin. Hankalin da ya kafu a kan abu ɗaya yakan makance ga sauran, don haka yana bukatar ya koyi buɗewa kamar yadda ya koyi tattaruwa.

Hanya mafi sauƙi ta koyon buɗewa ita ce ka yi amfani da hanyar da ka saba bi. Yau ka nemi duk abin da yake da launin shuɗi, gobe ka nemi abubuwa masu siffar da'ira, jibi ka ɗaga kai ka dubi abin da ke sama da tsayinka, inda ido ba ya yawan zuwa. Wani lokaci kuma ka tsaya wuri ɗaya, ka kalli gabanka, ka lura da abin da ke motsi ta wutsiyar idonka hagu da dama ba tare da ka juya kai ba. Ba sai an faɗa ba, wannan na mai tafiya a ƙasa ne a wurin da babu haɗari, ba na mai tuƙi ba. Idan ka fito daga wani ɗaki ko ofis, ka tsaya daƙiƙa talatin ka tambayi kanka tagogi nawa ne a ciki, me ke rataye a bango, wane launin tufafi wanda ka yi magana da shi ya sa. Sanin cewa za ka yi wa kanka tambaya a ƙarshe yana sa ka shiga wuri da ido a buɗe.

A ganina inda wannan horo ya fi biyan mai yinsa shi ne wajen sauraren mutane. Sau ɗaya a rana, idan wani yana yi maka magana, ka ajiye abin da ke hannunka, ka lura da lokacin da zuciyarka ta fara shirya amsa tun bai kai aya ba, ka bar amsar ta jira, ka koma kan muryarsa. Ka ji inda ya sassauta murya, da inda ya yi jinkiri kafin wata kalma, da abin da ya maimaita sau biyu. Sau da yawa abin da ya kawo mutum yana cikin jimlarsa ta ƙarshe, wadda mai gaggawar amsa ba ya bari a kai gare ta.

Game da tsari, minti biyar kullum ya fi sa'a guda sau ɗaya a mako, domin yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. Ka ɗaura atisayen a jikin wani abu da ka riga ka saba yi a lokaci guda kowace rana, kamar bayan wanke fuska da safe ko kafin ka buɗe kwamfuta a wurin aiki, don kada ya dogara ga tunawa. Kada ka ɗauki dukkan atisayen nan a lokaci ɗaya. Ka riƙe guda na mako ɗaya, sannan ka ƙara wani. Kuma ka san iyakarsu: ba sa maye gurbin barci, kuma wanda rashin natsuwarsa ya kai ga hana shi aiki ko karatu, ko ya zo tare da baƙin ciki mai tsawo ko mantuwar da ba a saba gani ba, ya kamata ya ga likita.

Ka samu ɗan ƙaramin littafi ka ajiye shi tare da fensir ɗinka. Bayan kowane zama ka rubuta kwanan wata, da abin da ka kalla, da abu ɗaya da ka gani wanda ba ka taɓa gani ba. Idan kana so, ka riƙa yin ɗan ɗigo a gefen shafin duk lokacin da ka kama hankalinka ya tafi. Kada ka damu idan ɗigon ya ƙaru a mako na biyu, domin galibi hakan yana nufin ka fara kama tafiyar da a da take wuce ka ba ka sani ba. Idan wata ya cika, ka sake mai da makullin nan aljihu, ka zana shi da ka a sabon shafi, ka ciro shi ka kwatanta, sannan ka ba shi minti biyar na kallo kamar yadda ka ba ganye, ka nemi abubuwa uku a jikinsa da har yanzu ba ka rubuta ba.